Koriyancin Baba

Baba yana da shekara saba'in da ɗaya ranar da ya ce in raka shi ya yi rajistar makaranta. Na ɗauka tsokana ce, don da can mutum ne mai barkwanci, ko da yake tun rasuwar Yaya barkwancin ya yi ƙaura daga gidanmu. Sai na ga ya sa hular fita, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana.

"Wace makaranta kuma, Baba?"

"Ta Koriyanci. An ce akwai wani mai koyarwa a saman shagon masu walda."

Yadda Koriya ta shigo gidanmu kuwa, ta hannun Yaya ne, babban wana. Ya tafi can aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya auri 'yar ƙasar, suka haifi 'ya mace guda ɗaya. Sau uku yana sa ranar kawo su, sau uku wani abu yana gittawa. Ana nan wata safiya ƙarfe ya faɗo masa a masana'antar da yake aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Can abokansa suka yi masa sallah suka binne shi. Abin da ya iso mana shi ne kiran waya, sai wani gajeren bidiyo na zaman makokin da dangin matarsa suka yi masa, wanda Baba ya ce ko bayan ransa kada a kunna shi a gidansa.

Yarinyar shekararta shida, Baba bai taɓa ganin ta ba sai a waya. "Amaryata" yake ce mata. Da Yaya na raye shi ne tsani, shi ke riƙe wayar, ya juya maganar nan zuwa can, ya juyo ta can zuwa nan, a yi ta dariya. Da ya tafi sai kiran ya zama azaba. Matar Yaya ta kira, mu ɗaga hannu, su ɗaga hannu, a yi murmushi, a yi shiru, yarinyar ta sulale ta bar uwarta da kunya. Kiran ya koma wata-wata, daga nan ya koma sai an tuna.

Sai ga saƙo daga matar Yaya, dogo, na sa waya ta fassara mini. Ba ta ɓoye komai ba, wannan kam na yaba mata. Ta ce duk ranar da aka yi kiran nan yarinyar wuni take yi tana kuka, ita kuma ta gaji, tana so ta rufe wannan babin su ci gaba da rayuwa. Amma mahaifinta ya hana ta yanke hukunci sai sun zo sun gan mu ido da ido. Za su zo su uku a hutun makaranta, nan da wata takwas, su yi kwana uku. In yarinyar ta saki jiki da mu, za ta riƙa kawo ta duk shekara. In kuwa ba haka ba, mu yafe mata.

Na karanta wa Baba sau biyu. Raina ya ɓaci, na ce jininmu ne, ba jarrabawa za mu zauna ba kafin a ba mu izinin ganin 'yarmu. Baba ya ce, "Jarrabawa ce mana. Ke dai ki yi ta faɗa, ni zan yi karatu." Washegari ne ya sa hular.

Ajin ɗaki ne guda, benci shida da allo, ƙarar injin walda na tasowa ta ƙarƙashin ƙafarka. Ɗaliban duk samari ne masu neman tafiya aiki can, su kusan ashirin. Malamin magidanci ne mai sanyin murya, ya yi shekara bakwai a Koriya, ya dawo da yaren, ya baro yatsu biyu na hannun dama a cikin inji. Da muka hawo matakala, Baba na haki ina tallabe da shi, ajin ya yi tsit, sannan wani ya fashe da dariya.

"Baba, kai ma tafiya za ka yi? Ai ba sa ɗaukar wanda ya wuce arba'in."

"Ni ba aiki nake nema ba, ɗan nan. Zance zan je, amarya ce da ni a can."

Ajin ya kaure da shewa. Tun daga ranar suka sa masa suna Haraboji, wato kaka da yaren, suka bar masa bencin gaba kusa da taga.

Baba kafinta ne, shekara hamsin yana riƙe da zarto kafin gwiwoyi su ajiye shi. Wataƙila shi ya sa haruffan ba su ba shi wahala ba. Da Malam ya zana su a allo sai Baba ya gyara tabarau ya ce, "Af, wannan ai aikinmu ne." Wannan sukwayar auna kusurwa ce, wancan firam ɗin taga, wancan kuma ƙafafun benci. Da aka nuna masa yadda ake ɗora harafi kan harafi a haɗa su cikin murabba'i ɗaya, sai ya ce wanda ya ƙirƙiro rubutun nan ko tantama babu ya taɓa haɗa durowa. Cikin mako biyu yana karanta duk abin da aka rubuta, ko da bai san ma'anarsa ba. Samarin da suka yi masa dariya suka koma leƙen littafinsa.

Nahawun ne ya sha da shi. Yakan dawo gida kansa ya ɗau zafi, ya jefar da jakar a kan kujera.

"Mutanen nan sai sun jera komai, wane, da wane, da kaza, a wuri kaza, sannan a can ƙarshe su gaya maka abin da aka yi. Sai ka jira mutum ya rufe baki kafin ka san ba ka zai yi ko karɓa zai yi."

"To ai sun koya maka haƙuri, Baba."

"Ke ya kamata a kai, ba ni ba."

Ga ƙirga kashi biyu, ɗaya na shekaru da awoyi, ɗaya na mintoci da farashi, har in za ka faɗi ƙarfe nawa sai ka haɗa duka biyun. Ga wutsiyar da ake liƙa wa kowace magana, ta babba daban, ta sa'a daban, ta yaro daban. Baba ya yanka kwali ƙanana-ƙanana ya manna wa komai na gidan sunansa, ƙofa, buta, fanka, har madubin banɗaki. Ni ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, in dawo da yamma a gajiye ƙafafuna kamar ba nawa ba, in tarar da shi ya shirya mini takarda, wai in riƙa tambaya yana amsawa. Ba na fahimtar ko kalma ɗaya, kuma ban yi ƙoƙarin fahimta ba. Sau da yawa na yi masa tsawa, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba da Mama na raye. Shi kuwa sai ya ce, "Sake tambaya ta huɗu."

Abin da ya fi shiga ransa shi ne ɗabi'un mutanen. Ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya. Ba a fara cin abinci kafin tsoho ya ɗauki cokali. Ba a kiran na gaba da kai da sunansa. Ba a shiga ɗaki da takalmi. Wata rana ya dawo ya zauna bai ko cire hula ba, can ya ce, "Ashe masu kunya ne. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Na san abin da ke cin sa. Lokacin da Yaya ya yi auren, Baba ya yi shekara biyu ba ya ɗaukar wayarsa. Waɗannan shekaru biyun su ne yake ta ƙoƙarin biya da haddar kalmomi, kuma ni da shi mun san ba za su dawo ba.

Saura wata biyu baƙin su zo, Malam ya ambaci wata gaisuwa a aji, a gurguje, don ya ce masu zuwa masana'anta ba za su buƙace ta ba. Babbar gaisuwa ce, mutum ya haɗa hannuwa, ya durƙusa, ya kai kansa ƙasa. Ana yi wa iyaye, ana yi wa surukai, kuma babu girmamawar da ta wuce ta. Bayan an tashi Baba ya tsare shi ya ce ya nuna masa. Malam ya dubi sandar, ya dubi gwiwoyin, ya ce, "Haba Baba, kai da kake sallah a kan kujera? Ka ɗan sunkuyar da kai kawai, wallahi ya isa."

Duk wanda ya san Baba ya san an gama magana, ba irin gamawar da Malam yake nufi ba. A hanya ya ce mini tsohon nan, mahaifin matar Yaya, shi ne ya riƙe masa ɗa shekara da shekaru, shi ne ya tsaya a kan gawarsa, shi ne kuma yanzu ya hana a raba shi da jika. "Me zan ba shi? Kujera zan ƙera masa ya hau jirgi da ita? Gaisuwarsu zan yi masa, irin ta gaske."

A nan ne laifina ya shigo, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Ni na tuna masa da bidiyon. Na ce, "Baba, ai a wancan bidiyon na ga suna yin ta." Na kalle shi sau ɗaya ni kaɗai lokacin da aka aiko, ban sake ba.

Da muka isa gida ya yi la'asar, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Kunna."

Bidiyon bai kai minti biyu ba. Ɗaki ne cike da fararen furanni, hoton Yaya a tsakiya an ɗaura masa baƙin ƙyalle, yana murmushin nan nasa na gefe ɗaya. Maza cikin baƙaƙen kwat suna shigowa biyu-biyu. Su tsaya gaban hoton, su durƙusa su kai kai ƙasa, su miƙe, su sake durƙusawa, su miƙe. Sannan su juya gefe inda wani tsoho yake tsaye, su yi masa sau ɗaya, shi ma ya mayar musu. Baba bai yi kuka ba. Ya ce in mayar baya. Na mayar ya fi sau goma. Idonsa ba ya kan hoton, yana kan hannuwan mutanen da ƙafafunsu, wace gwiwa ke fara sauka, wane hannu ke sama, kamar yadda yake duban kujerar wani kafinta in yana son gane yadda aka haɗa ta.

"Me ya sa nan biyu, can ɗaya?" ya tambaya.

Ni kuwa, uwar iya, mai takardar shaidar karatu, sai na ce, "Ai a bayyane yake, Baba. Ɗaya ta kowa da kowa ce. Biyu ta wanda aka fi girmamawa ce a wurin."

Ya gyaɗa kai ya ce hankali zai ɗauka.

Abu ɗaya ya dame shi kwana biyu, shi ne kai goshi ƙasa don ɗan Adam. Ya sake duba bidiyon da kyau, ya ga goshin ba ya taɓa ƙasa, a bayan hannu yake sauka. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ba sujada ba ce, gaisuwa ce, kuma Allah ya ga zuciyata." Ya hana ni gaya wa Malam, wai kada ya sake kawo masa zancen gwiwa, kada kuma samarin aji su samu abin yi da shi.

Kullum da safe bayan shayi, kafin in tafi aiki, sai mu ture teburin falo. Ranar farko ya sauka bai iya tashi ba, sai da na kira maƙwabci muka ɗaga shi. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce zai karya kansa a banza. Ya ce in ba zan taimaka ba in matsa masa. Shekara bakwai rabon gwiwoyin nan da taɓa ƙasa. Na riƙa jin ƙararsu ƙas-ƙas kamar ana karya kara, gumi na tsatsafo masa ta ƙarƙashin hula. A mako na uku ya tashi da kujera a gefe. A mako na shida ya yi biyun a jere ba tare da ya dafa komai ba, ya miƙe yana haki yana dariya, dariyar da rabon da in ji ta tun kafin rasuwar. Ni ma na taya shi, har da tafi.

Ranar da za su zo Baba ya gayyaci Malam ya yi mana tafinta in magana ta yi zurfi. Da misalin ƙarfe huɗu na yamma motar otal ta tsaya a ƙofar gida. Matar Yaya ce ta fara fitowa, 'yar ƙarama, fuskarta a ɗaure. Sai yarinyar, riƙe da gefen rigar uwarta. Da na dube ta sai na ga goshin Yaya ne da kunnuwansa aka ɗauko aka manna mata.

Sai tsohon. Ya fito a hankali, direba na tallafa masa. Shekarata goma sha huɗu ina ganin masu zuwa a ɗebi jininsu, ba sai an nuna mini takarda ba. Farin idonsa ya yi rawaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, bel ɗinsa an huda masa sababbin ramuka har uku, bayan hannunsa duk tabon allura. Ba shi ne ƙaƙƙarfan tsohon cikin bidiyon ba, rabinsa ne. Amma ban ga abin da ya haɗa wannan da shirinmu ba.

Suka cire takalma suka shigo. Baba ya tsaya a tsakiyar falo cikin fararen kaya, ya buɗe baki ya yi musu maraba da yarensu, jimla uku a jere ba gargada. Matar Yaya ta ɗago kai da sauri. Yarinyar ta saki rigar uwarta ta zaro ido. Baba ya sunkuya ya ce mata wani abu, ta rufe baki da hannu ta ƙyalƙyale da dariya, ta mayar masa da amsa. Malam ya raɗa mini cewa ya ce mata ta yi latti, ango ya tsufa yana jira, ita kuma ta tambaye shi shekararsa nawa. Baba ya ƙirga mata daidai. Ta matso ta taɓa gemunsa, ta tambayi me ya sa aka manna wa fanka takarda. Ya kama hannunta suka zaga falon tana karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya, tana gyara masa furuci yana cewa to malama.

Na saci kallon uwar. Fuskar nan ta saki, idonta ya kawo ruwa, har ta karɓi kofin shayi daga hannuna ta yi mini murmushi. A raina na ce mun ci. Wallahi a wannan minti goman na ga yarinyar nan tana girma a gabanmu, hutu bayan hutu.

Tsohon ya ƙi kujera, ya zauna a kan darduma ya tanƙwashe ƙafa. Baba ya saki hannun yarinyar, ya miƙo mini sandarsa, ya je ya tsaya a gabansa. Ya haɗa hannuwa, ya sauka a kan gwiwar hagu, sannan ta dama, ya kai goshi kan bayan hannunsa. Tsaf, kamar a can aka haife shi. Malam ya riƙe baki. Tsohon ya rikice, ya yunƙura ya gyara zama ya sunkuya shi ma yana mayar da gaisuwar, yana ta faɗin wata kalma.

Baba ya miƙe da kansa. Ya ja numfashi. Ya sake haɗa hannuwa.

"Baba!" in ji Malam. "Baba, a'a! Tsaya!"

Amma mai irin gwiwoyin Baba in ya fara sauka ba ya iya tsayawa a hanya. Ya kai ƙasa, ya ɗora goshi a karo na biyu.

Kofin ya suɓuce daga hannun matar Yaya. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda ba kuka ba ne, ba kuma ihu ba. Yarinyar ta dubi Baba, ta dubi kakanta na can, ta yi wata tambaya da ƙaramar murya. Uwar ta fizge ta, ta rungume, ta fita da gudu ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Muka ji an buga ƙofar mota.

"Me ya faru?" na ce. "Malam, me muka yi?"

Malam ya share fuska da hannunsa mai yatsu uku. "Sau ɗaya ake yi wa mai rai. Biyu ta mamaci ce. Ba a yi wa mai numfashi biyu, ko da wasa." Sannan ya ƙara da cewa, "Yarinyar cewa ta yi, wannan ai irin wadda aka yi wa hoton babanta ce. Tana tambaya ko kakanta ma zai koma hoto."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba yana nan a durƙushe, ya ji komai. Ya yunƙura zai tashi, gwiwoyin suka ce ba su san zancen ba. Ya fara ba da haƙuri, Koriyancin ya gudu ya bar shi, sai Hausa yake yi, "Ban sani ba, wallahi ban sani ba, suruki ka yafe mini."

Tsohon ya ja jiki ya matso, ya kama kafaɗun Baba. Dariya yake yi, wata 'yar siririyar dariya mai haɗe da tari. Ya yi magana, Malam ya fassara da ƙyar. "Ya ce ka ɗan yi gaggawa ne kawai, amma ba ka yi nisa da gaskiya ba. Likita ya ba shi watanni. 'Yarsa ta sani, jikar ce ba a gaya wa ba." Suka zauna a ƙasa su biyu, tsofaffi, kowa riƙe da ɗan'uwansa, babu mai iya ɗaga wani. Ni da Malam muka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Duka ziyarar ba ta kai rabin awa ba.

Washegari da safe muka je otal ɗin. Tsohon kaɗai ya sauko. Ya ce yarinyar ta ƙi rabuwa da shi ko banɗaki, tana ta tambaya yaushe zai mutu, uwar kuma ta sauya tikiti, da yamma za su tashi. Na roƙi a bar ni in hau in yi mata bayani, in gaya mata ni ce na ƙirga, ni ce na fassara abin da ban sani ba. Ya girgiza kai. Ya ce ta san ba da gangan ba ne, ba fushi take yi ba, tsoro ne, kuma tsoro ba ya jin bayani. Ya yi wa Baba alkawarin zai lallashe ta in sun koma, a ba shi lokaci. Suka yi hira kusan awa guda, rabi da baki rabi da hannu, Malam na cike musu gurbi. Baba ya yi ta duban matakala har muka fito, ba wanda ya sauko.

A mota na ce, "Baba, laifina ne." Ya ce, "Ni na durƙusa." Ni kuwa na fi so a ce ya zage ni.

Bai daina zuwa aji ba. Gwiwar dama ta kumbura har ba ya iya hawa matakalar, samarin suka riƙa ɗaukar sa a kan kujera suna hawa da shi, babu mai tsokana yanzu. Ya ce tsohon ya yi alkawari, kuma in an kira ba ya so a same shi ya manta karatu. Duk Juma'a yana rubuta wa amaryarsa layi biyu da hannunsa, in ɗauki hoto in tura. Alamar an gani takan fito, amsa ba ta zuwa. Ni na san abin da muke jira, na kuma san tsere ake yi tsakanin lallashin tsohon da ciwonsa.

Mako bakwai bayan tafiyarsu, ina wurin aiki da rana, saƙo ya shigo daga matar Yaya. Layi huɗu ne. Na sa waya ta fassara, na karanta a tsaye, na shiga banɗakin ma'aikata na kulle na yi kukana. Kafin in tashi aiki na gama shirya abin da zan faɗa. Zan ce ta gaishe shi, yarinyar na jarrabawa, za su kira in an kwana biyu. In an kwana biyun in ƙirƙiro wani abu. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, na ce a raina, ƙarya nawa zai buƙata?

Na same shi a falo da littafinsa. Na faɗi abin da na shirya ina cire takalmi, don kada mu haɗa ido.

"Ta rubuto?" Ya ajiye biro. "Ba ni in gani."

"Ai na gaya maka abin da ta ce, Baba."

"Na ji. Ba ni."

Sai a lokacin na tuna abin da ya kamata in tuna tun a asibiti. Wata takwas da mako bakwai mutumin nan yana karatu, ba ya buƙatar ni, ba ya buƙatar fassarar waya. Na miƙa masa.

Ya gyara tabarau, ya nisanta wayar kaɗan, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko. Ya karanta a bayyane, gaɓa bayan gaɓa, yadda yake yi a aji. Bai tsallake komai ba, bai nemi taimako ba. Da ya kai ƙarshe ya koma farko ya sake.

"Mahaifinta ya rasu ranar Talata," ya ce. "Ta ce ta gode da wahalar da na sha. Ta ce yarinyar ba ta iya jure jin sunanmu. Ta roƙe mu kada mu sake rubutowa, za ta sauya lamba."

Ya yi salati a hankali, ya yi wa tsohon fatan sauƙi. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Duba mini da fassarar wayar. Layin ƙarshen nan, wataƙila ban fahimce shi daidai ba. Kin san nahawunsu da rikici."

Na karɓa na duba, alhali na riga na haddace shi. Wannan karon bai yi kuskure ko ɗaya ba.